Darasin Annabi Yusuf da Cefanen Gida

 

Ya ku 'yan'uwa, muridin da rumbunsa ya ƙare tun bazara da wuya zuciyarsa ta halarci wazifa. Harshe na salati, hankali na wajen mai awo. Shi ya sa maganar cefane ba ta fita daga tarbiyya ba.

A Suratu Yusuf, Annabin Allah ya shawarci mutanen Masar da su bar abin da suka girbe a cikin zangarniyarsa a shekarun wadata, su ci kaɗan, domin shekarun fari. Manomin Tibiri da ke jera damman hatsi a rumbu ba tare da ya sussuke ba, wannan hikimar yake bi. Mu mazauna birnin Maraɗi mu ne muka sake ta, muka koma awon tiya ɗaya kullum.

Ga inda asarar take. Da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, hatsi na araha saboda manomi na neman kuɗi. 'Yan kasuwa su saye su kulle a sito. Daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sai su fito da shi da tsada. A yunwar 2005 an ga haka a jihar nan: abinci na nan a kasuwa, talaka ne ya kasa saye. Buhu mai kilo 100 kusan tiya 40 ne. Wanda ya saye shi ɗungurungum da kaka ya tsere wa ribar da ake ɗora wa kowace tiya.

Wani zai ce ba shi da kuɗin buhu. Gaskiya ne, amma ina amfanin zawiya? Mutum biyar ko goma da ke haɗuwa zikirin Juma'a za su iya yin karo-karo, su damƙa wa amintacce, a sayo a raba. Sharaɗi ɗaya: a rubuta abin da kowa ya bayar a gaban shaidu. Zumuncin ɗariƙa ba ya hana rubutu, rubutun ma shi ke tsare zumuncin.

Wake kuwa a zuba shi a buhun PICS mai ninki uku, a ɗaure tam, ƙwari su mutu don rashin iska, ba sai an sa magani ba. Kayan miya ma haka: da sanyi, sa'ad da lambunan Jiratawa ke kawo tumatir da tattasai da zogale, uwargida ta yanka ta shanya kauɗa, ta busar da ganye a inuwa.

Kada dai tanadi ya koma ɓoye abinci don jiran tsada, wanda shari'a ta hana. A ajiye gwargwadon cin iyali, a fitar da rabon almajiri da baƙo tun ranar da buhun ya shigo gida.