Ka Fara Zama a Sito Tukuna

Ɗana, na ji daɗin zancen da ka kawo mini jiya, cewa kana so ka haɗa mana manhajar da za ta riƙe lissafin sitonmu na Dawanau. Allah ya yi maka albarka. Ban ba ka amsa a take ba saboda ƙannenka suna wurin, kuma abin da zan faɗa yana son natsuwa.

Na kalli abin da ka nuna mini a kwamfutarka. Akwai gurbin sunan kaya, da na farashi, da na abin da ya shigo da wanda ya fita. Ya yi kyau a ido. Amma shagon da ka zana ba namu ba ne, na littafin makaranta ne, inda mai saye yake miƙa kuɗi a ba shi kaya a rabu lafiya.

Ka ɗauki buhun riɗi guda. An auno shi a kasuwar ƙauye da tiya, mu kuma a sikeli za mu sayar. Kafin ya hau sikelin an biya la'adar dillali, da kuɗin mota, da na 'yan dako sau biyu, da na ɗinki. An tankaɗe shi, ƙasa da tsakuwa sun fita, ya ƙara bushewa a ajiye. Nauyin da ya shigo da shi ba shi zai fita da shi ba, kuma ba wanda ya saci komai. Idan manhajarka ba ta san wannan ba, duk ƙarshen wata za ta nuna gibi, ka sa mu zargi yaron da ya shekara 12 yana riƙe mana makulli da amana.

Sai bashi, wanda shi ne ƙashin bayan kasuwar nan. Akwai wanda zai loda mota cike a kan magana kawai, ya biya bayan ya sauke a Legas. Akwai wanda ko rabin buhu ba zan ba shi ba sai na ga kuɗi. Wannan bambancin ba a rubuce yake ko'ina ba, a kaina yake da kan baffanka. Aikinka na farko shi ne ka ciro shi daga kanmu: wa ke da ikon ba da bashi, har zuwa nawa, kuma wa ke bin sawunsa.

Na taɓa ƙonewa, shi ya sa. Shekarun baya wani matashi ya sayar mana da irin wannan manhaja. Ba ta yarda kaya su fita sai an shigar da cikakken kuɗi. Mako biyu yara suka yi suna yi mata ƙarya, suna rubuta an biya alhali ba a biya ba, gaskiyar kuma tana cikin tsohon littafinmu mai baƙin bango. Muka wayi gari da lissafi biyu, ba wanda ya yi daidai da ɗan'uwansa. Kwamfutar tana nan a bayan buhuna, ƙura ta rufe ta.

Kada ka ɗauka rashin boko ne ya jawo. Kamfanin Lidl na Jamus, mai dubban kantuna a Turai, ya fara sauya tsarin lissafin kayansa zuwa manhajar SAP a 2011. A 2018 ya watsar da aikin, bayan kashe kuɗin da aka ƙiyasta sun kai Yuro miliyan 500. Daga cikin abin da ya kawo cikas, su Lidl sun saba ƙimanta kayansu da farashin da suka saro, manhajar kuwa an gina ta ne a kan farashin sayarwa. Suka ƙi sauya al'adarsu, aka yi ta yi wa manhajar kwaskwarima har ta fi ƙarfin masu ita. Tambaya guda ce da ya kamata a warware tun ran gini, tun ran zane.

Labarin nan kuma yana da tsini biyu, ɗaya ni yake suka. Ba kowace al'adarmu ce ta cancanci ka ɗauke ta ka zuba a kwamfuta ba. Yadda muke haɗa kuɗin cefanen gida da na sito a aljihu ɗaya, wannan ɓarna ce, na sani. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ciniki ya koma tiransifa, kuɗi suna shiga asusu uku, ciki har da na yaron shago, kuma har yau da alat ɗin waya muke gaskata an biya. Idan ka ga irin waɗannan ka faɗa mini kai tsaye, amma a keɓe.

Ga abin da nake so ka yi. Ka samo babbar takarda ka zana tafiyar buhu daga ƙauye har ya bar hannunmu, ka zana tafiyar kuɗi daban, ka nuna hannun da kowanne ke bi. Ka kai wa mai sikeli da shugaban 'yan dako su duba, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In suka ce ba haka ake yi ba, su ne da gaskiya, ka goge. Bayan nan ka fara da abu ɗaya tak, littafin bashi, a wayar da yara suka riga suka iya, da Hausa, kuma ya yi aiki ko babu sabis. In ya shekara bai ba mu kunya ba, sai mu ƙara.

Ranar Litinin motar riɗi za ta iso da sassafe. Ka zo bayan sallar asuba da biro da takarda, ka bar kwamfutar a gida.