Darasi: Tsayuwa gaban taro

Ƴan uwa, ranar taron rumbun tsimi, magatakarda shi ke tashi ya karanta lissafi. In ya sunkuyar da kai yana susar ƙeya, sai mutane su ce: "Wannan ya ci kuɗinmu." Alhali ko dala bai taɓa ba.

In kai ne, yi sallama, ka tsaya inda kowa ke ganin fuskarka, har matan da ke baya. Karanta layi guda, ɗaga kai, dubi jama'a. Amma kada ka ƙura ma dattijo ido. Kada ka nuna mutum da yatsa, balle da hannun hagu.

In ka rubuta lamba bisa allo, matsa gefe kowa ya gani. In an fara gyangyaɗi, taƙaita.