Ɗana, ka yi a hankali da Farawa sura 6

Ɗana, gardamar da kuke yi a zumuntar matasa kan ayoyi huɗu na farkon Farawa sura 6 ta girme ka, ta girme ni, ta girmi ikkilisiyar da muke sujada a ciki. Saboda haka kafin ka kira wani ɓatacce, ka san inda kowane ɓangare ya samo hujjarsa.

Labarin dai gajere ne. Wasu da aka kira 'ya'yan Allah sun ga 'yan matan mutane sun yi musu kyau, suka ɗebi waɗanda ransu ya so suka aura. Aka ambaci Nefilim, ƙattan wancan zamani, daga nan sai maganar ruwan tufana. Su wane ne waɗannan 'ya'yan Allah? A nan masana suka rabu gida uku.

Fahimtar da ta fi tsufa ta ce mala'iku ne da suka yi tawaye. Hujjarta tana da ƙarfi, domin a littafin Ayuba, sura 1 da 2 da 38, da wannan suna aka kira rundunar sama. Yahuza aya 6 da 2 Bitrus 2:4 ma sun yi zancen mala'ikun da suka yi zunubi aka tsare su cikin duhu har ranar shari'a. Littafin Anuhu, wanda Yahudawa suka rubuta kafin zuwan Almasihu, ya faɗaɗa labarin, ya ce mala'iku 200 ne suka sauko a Dutsen Harmon. Ikkilisiyar Otodoks ta Habasha tana lissafa shi cikin littattafai masu tsarki, yawancin ikkilisiyoyi kuwa ba sa lissafa shi. Manyan malamai na farko irin su Jastin Shahidi da Iraniyas da Tatuliyan sun bi wannan fahimta. Ƙalubalenta shi ne Matiyu 22:30, inda Yesu ya nuna wa Sadukiyawa cewa mala'iku ba sa aure. Masu ita sukan amsa cewa na sama yake nufi, ban da waɗanda suka bar mazauninsu.

Ta biyu ta ce zuriyar Shitu ne masu tsoron Allah suka auri zuriyar Kayinu, bangaskiyarsu ta gurɓace. Yuliyas Afrikanus ya kawo ta a ƙarni na 3, sai Agustin, bishof na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya ƙarfafa ta a littafi na 15 na Birnin Allah. Luther da Calvin suka bi sahunsa. Ta yi daidai da sura 4 da 5, inda aka jera zuriyoyin biyu. Amma ka lura, ayoyin ba su ambaci Shitu ko Kayinu ba.

Ta uku, wadda ta fi yawa wurin tsofaffin malaman Yahudawa, ta ce sarakuna ne da masu iko da suka riƙa ƙwace mata son ransu. Lamek ya riga ya nuna irin halin a sura 4, ga mata biyu, ga fahariya da kisan kai.

Ka ga, kowane ɓangare yana da mutanen da suka ba da ransu ga nazarin Maganar Allah, wasu har suka mutu dominta. Ni zuciyata ta fi karkata ga ta farko saboda Ayuba da Yahuza, amma ina riƙe da ita kamar yadda ake riƙe ƙwai. Cetonka bai rataya a kan wannan amsa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu masu wa'azi suke ɗaukar ayoyin nan su ɗora wa mata. Mace ta daɗe ba ta yi aure ba, ko ta yi ɓari, sai a ce mata namijin dare ne ya aure ta, a buɗe Farawa 6 a gabanta. Sai ta koma gida tana tsoron barci, tana kashe kuɗi wurin addu'ar kuɓutarwa, alhali wataƙila likita take bukata. Ko da fahimta ta farko ce daidai, ayoyin suna ba da labarin abin da ya faru kafin tufana ne, Bitrus da Yahuza kuwa sun ce waɗancan mala'iku a ɗaure suke.

Duk ranar da aka ba ka dama ka koyar, ka faɗi fahimtar uku da adalci, yadda mai kowace zai yarda ba ka rage masa hujja ba. Sa'an nan ka wuce zuwa aya ta 5, ka daɗe a can. Da Allah ya yanke hukunci, muguntar zuciyar ɗan Adam ya ambata, a aya ta 11 kuma ya ce duniya ta cika da zalunci. Wannan ɓangare babu gardama a kansa tsakanin Agustin da Tatuliyan, kuma shi ne wanda matasanka suke bukatar ji.