Tafiya Neman Ilmi a Jirgin Ruwa

A da, in ɗalibi daga Gaya ko Ajingi ya sami zuwa Ingila karatu, sai ya zo Kano ya hau jirgin ƙasa zuwa Ikko. Can zai shiga jirgin ruwa. Wani babban jirgi mai suna Aureol ya yi wannan jigila daga 1951 har 1974.

Tafiyar kamar mako biyu ce. Jirgi kan yada zango a Gana da Saliyo. Raƙuman ruwa kan sa baƙon teku jiri da amai. In lokacin salla ya yi, sai ya nemi alƙibla, gama ba gari ba masallaci. Kullum sanyi na ƙaruwa, kewar gida ma haka, amma ba ya ajiye littafinsa.

Yara, ilmi sai da haƙuri.