Abokan Auduga Na Cikin Ƙasa

Manoman auduga na Salaga da Yendi da Bawku, ku saurara. Kowa ya ga yadda damina ta sake hali. A 1983 aka yi fari da gobarar daji, a 2007 ruwa ya ci gonaki a arewacin Ghana, a 2024 kuwa ya ɗauke ƙaf cikin Yuli da Agusta, amfani na tsaye. Masana sun auna, sun ce daga 1960 zuwa yanzu zafin ƙasar nan ya ƙaru da misalin digiri 1. Kada ku raina shi.

Tsiro ba shi da ƙafa, amma yana ƙaura. In wuri ya yi masa zafi da fari, manyan su mutu, ƙanana kuwa ba su tsira, sai wani iri mai jimirin ƙishi ya gaje wurin. A ƙasar Senegal an bincika, an tarar daga wajen 1945 zuwa 1993 itatuwan da ke son ruwa sun ja da baya wajen kudu da kilomita 25 zuwa 30. Bawku ta fi Yendi da Salaga ƙarancin ruwa, saboda haka mutanen Bawku ku dubi gonakinku. Kaɗanya da ɗorawa nawa ne ƙanana? Gatari da wuta suna da nasu laifi, amma fari ma yana ciki.

To, ga abin da ido ba ya gani. Kowane tsiro yana da abokan zama cikin ƙasa. Iri kam a buhu ake ɗaukarsa, mota ta kai shi ko'ina rana ɗaya. Abokan nan ba su shiga mota.

Ku ɗauki misalin waken suya, wanda mutanen Yendi suka sani sarai. Asalinsa daga ƙasar Sin ne. In kun tuge gyaɗa ko wake, za ku ga 'yan ƙuraje jikin saiwa. Wasu ƙananan halittu ne ke zaune ciki, suna jawo abinci daga iska suna ba shuka. Gyaɗa da wake sun daɗe da nasu a ƙasarmu, waken suya kuwa ya zo ya tarar nasa sun yi ƙaranci. Shi ya sa ake cuɗa irinsa da wani baƙin gari mai ɗauke da halittun kafin shuka, kuma masu bincike na Ibadan suka fitar da irin da zai shirya da na gida. Ku fasa ƙurji ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, suna aiki. In fari ne ko kore, babu amfani.

Auduga ba ta da ƙurajen nan. Nata abokin wata irin funfuna ce mai zare siriri, wanda sai da madubin likita ake ganinsa. Zaren yana shiga saiwa, ya bazu cikin ƙasa inda saiwar ba ta kai ba, ya kawo mata irin abincin da ke cikin takin sufa, ita kuma ta ba shi zaƙi. Auduga ta dogara gare shi ƙwarai. Funfunar nan ba ta yaɗuwa sai da saiwa mai rai. Manoman Ostareliya sun ga haka: gonar da aka bari fili tsawon lokaci babu ko ciyawa, audugarta takan fito tsumburarriya, ko da ƙasar ta huta.

Watau in ƙasa ta zauna tsirara rana na dukanta wata shida, aka kuma bi ta da wuta, abokan sun ragu ke nan, tana ta gudu, gara ta rasa abin da za ta ja ƙasa. Ƙasar ta yi tauri, ruwa ya zo ya wuce. Wuta-wuta kuwa irin ƙasar da take so ke nan, ta kama dawa da masara ta shanye. Amma a nan auduga tana da rana: saiwarta takan yaudari irin wuta-wuta ya tsiro, ya rasa abin kamawa ya mutu. Don haka ku riƙa juyi, bana auduga, baɗi masara ko dawa, sa'an nan gyaɗa ko waken suya.

Kada ku sa wa gona wuta. Ku bar karan dawa da na masara a kwance su rufe ƙasa. Karan auduga dabam ne, gama tsutsa tana ɓuya cikinsa. Shi kam lalle ku tuge bayan tsinka, ku tara wuri guda a gefen gona ku ƙone. Ku kai takin shanu da toka da sharar gida tun rani. Takin zamani yana da kyau, amma ba shi maye gurbin na gida. In kun ga 'yar kaɗanya ko ɗorawa ta tsiro, ku kewaye ta da garma.

Wanda ya samo sabon iri daga wani gari, ya gwada shi a kunya goma tukuna. Bayan kwana arba'in ya tuge guda biyar ya kawo wa malamin gona su duba saiwar tare.