Yashin Akwatin Kifin Teku

Tambaya: Malam, na sayi akwatin gilashi domin kiwon kifin teku. Wane yashi zan zuba?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka. Ka nemi yashin aragonit, wanda sau da yawa asalinsa murjani ne, domin allin da ke cikinsa yakan hana ruwa yin tsami, alhali kuwa yashin gini yakan zo da dauɗar da ke halaka kifi. Ka zaɓi mai ƙwayar milimita 1 zuwa 2, ka wanke shi a bokiti har ruwan ya fito garau, sa'an nan ka shimfiɗa kaurin santimita 3 zuwa 5. Amma idan jiƙaƙƙen yashi ka saya, mai ƙwayoyin halitta masu amfani, kada ka wanke shi. Ka dakata mako 4 zuwa 6 kafin saka kifi.