Darasi na 18: Kitse cikin jini

Jikin babban mutum yana ɗauke da jini wajen lita 5. Zuciya ce take tura shi cikin jijiyoyi, dare da rana. Cikin jinin nan akwai kitse kaɗan. Wani daga abinci yake fitowa, wani kuma hanta ce take yin shi. Likitoci suna kiran wani irinsa kolestarol. Jiki yana bukatarsa, amma in ya yi yawa sai ya zama cuta.

Ga misali. A Birnin Ƙwanni, ruwan madatsun Mozage da Zongo yana bin magudanai har ya kai gonakin rani. In laka ta taru cikin magudana, ruwa ba ya wucewa sosai, sai shuka ta bushe. Haka kitse yake yi. Yana manne wa jijiya daga ciki, shekara da shekaru, har hanya ta matse. In jijiyar zuciya ta toshe, mutum yana iya mutuwa farat ɗaya. In ta ƙwaƙwalwa ce, sai ɓarin jiki ya shanye.

Wannan cuta ba ta sa zazzaɓi, ba ta sa ciwo da farko. Ba mai ƙiba kaɗai take kamawa ba. Siriri ma yana samunta, wani kuma gadonta yake yi. Awon jini ne kawai yake nuna ta. Manyan asibitoci, irin na Tawa da na Galmi, suna da ɗakin awo. Ana son kada kolestarol ya wuce giram 2 cikin lita 1 ta jini.

Mai son kare kansa sai ya rage man shanu, manja, kitsen tsire, soye-soye da sukari. Ya yawaita gero, wake, zogale, kifi, tumatir da albasa. Ya bar taba. Ya riƙa tafiya a ƙasa, ya yi aikin da zai sa shi gumi. Wanda likita ya ba magani, kada ya bari don ya ji garau. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Daga ina kitsen jini yake fitowa?
2. Ina kamar jijiya da magudana?
3. Yaya ake gane wannan cuta?

Aiki
A rubuta abinci 5 na kasuwar Illela ko Malbaza masu amfani ga zuciya.